Amsoshin tambayoyinku: lissafin na'ura idan wuta ta ɗauke

Wata baiwar Allah daga unguwar Birni ta rubuto cikin damuwa cewa ƙanenta ya haɗa mata na'urar ƙyanƙyasar ƙwai da Arduino Uno, wani ƙaramin allon lantarki da ake tsara wa aiki, amma duk lokacin da wuta ta ɗauke sai lissafin kwanaki 21 ɗin ya koma farko. Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, na'urarki ba ta lalace ba. Lissafin yana zaune ne a ma'ajiyar da ke gogewa da zarar wuta ta yanke. Guntun ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar da ke kan allon, yana da wata ma'ajiya, EEPROM, mai baiti 1024, wadda ba ta mantuwa. Ƙanenki ya rubuta ranar zuba ƙwai a cikinta sau ɗaya, ya ƙara agogon DS3231 mai ɗan batir domin lokaci ya ci gaba da tafiya.

Wani ɗalibi kuma yana tambaya ko zai iya rubutawa a EEPROM kowace daƙiƙa don ya huta. Ɗana, da ka buɗe takardar bayanin guntun da ba ka tambaya ba. Kowane gurbi rubutu 100.000 aka lamunce masa, a kowace daƙiƙa kuwa za ka cinye su cikin awa 28. Ka rubuta sai abin ya canza, ko ka nemi FRAM, wata ma'ajiya da ita ma ba ta mantuwa, wadda ta fi EEPROM jure yawan rubutu.

Malamin da ke ƙirga ruwan famfon garka a Mirriya yana son na'urarsa ta adana adadin a daidai lokacin da wuta ke yankewa, yana tambayar wace kwandansa, wato ɗan gwangwanin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, zai saya. Malam, dabarar daidai ce: dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a gaba, kwandansa a bayansa, ƙafa ɗaya ta guntun tana sa ido kan wutar kafin dayod ɗin. Rubuta baiti ɗaya yana cin milisakan 3,4, baiti 20 kusan milisakan 70 ke nan, allon kuma yana jan wajen miliamfa 50, saboda haka ka ɗauki mai mikrofarad 4700, ka kuma kunna tsaron da ke tsayar da guntun idan wuta ta yi ƙasa, don kada ya rubuta shirme.

Amma abin da ya fi damuna shi ne jabun kaya. Na taɓa fasa wata ƙatuwar kwandansa da na saya da araha, na tarar da wata ƴar ƙarama a ciki, sauran gwangwanin fanko. Irin wannan tana aiki lafiya lau ranar gwaji, sai ranar da ake bukatarta ta yanke rubutu a tsakiya, adadin da ya fito kuma ya zama ƙarya ba tare da ka sani ba. Ragin ƴan daloli bai kai wannan asarar ba. Ka tafi da mitarka, ka auna a gaban mai shago, ka zaɓi mai tambarin digiri 105 maimakon 85, domin zafin watan Afrilu a Damagaram yana busar da ita cikin akwatin ƙarfe. Idan ka haɗa, ka zare filogi sau ashirin kana duba adadin kafin ka kai ta garka.