Ku Tambaya: Kufan Takadda da Sandunan Jan Ƙarfe

Tambaya: Malam, an ce an gano garin Takadda da ake ambata a tarihin fatauci. Ina yake, kuma me aka samu? (Mai karatu daga unguwar Birni, Zinder)

Amsa: Yawancin masana sun tsaya a kan kufan Azelik ne, kusa da Tegidda-n-Tesemt a jihar Agadez. Matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Battuta, ya sauka Takadda a 1353, ya tarar ana narka jan ƙarfe a cikin gidaje, ana zuba shi sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi. Masu kauri 400 ne a kan miskalin zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itacen wuta, masu kaurin na gero da alkama, sauran kuma ayari ya kai Borno da Gobir. Binciken da masana Faransawa Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka yi a Azelik a shekarun 1970 ya nuna kangon masallatai, maƙabartu, tsingaro da ƙananan tukwanen narka ƙarfe.

Tambaya: Ta yaya ake sanin shekarun irin wannan wuri? (Malamar makaranta daga Zango)

Amsa: Malama, gawayi ne babban shaida. Ana shata fili murabba'i, a riƙa kankare ƙasa hawa-hawa da cokalin magina, a tankaɗe ta, a rubuta zurfin kowane abu kafin a ɗaga shi. Gawayin da aka ciro ana auna sinadarin kabon-14 da ya rage a cikinsa, wanda rabinsa ke gushewa duk shekara 5,730.

Sai dai hamada tana da yaudara. Busasshen icce kan daɗe ɗaruruwan shekaru bai ruɓe ba, maƙeri ya zo ya ƙona shi, awo ya ba da shekarun iccen maimakon na aikin. A yankin Agadez ma, wani nazari na 1988 ya nuna cewa wasu abubuwan da aka ɗauka tsoffin murahun narka ƙarfe ne, ƙonannun kututturan itatuwa ne kawai. Shi ya sa ƙwararru suka fi amincewa da ƙonanniyar ƙwayar hatsi ko ƙwallon dabino, tunda a cikin shekara guda suke fitowa su nuna.

Wanda ya ci karo da tsohuwar tukunya a gona kada ya tono ta ko ya wanke ta; da zarar ta bar hawanta, rabin labarinta ya ɓace. Ya ɗauki hotonta a inda take, ya sanar da hukuma ko IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adun ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai.