Tambaya da Amsa: Mota ta buge mai keke, taro ya watse, sai me?

Wasiƙun wannan mako duk a kan abu ɗaya suke, wato abin da ke biyo bayan karon keke da mota. Mun fara da wadda ta fi gaggawa.

Malam Habu, unguwar Birni: Ƙanena zai je kasuwar Dole a kan keke, mota ta fito daga lungu ta buge shi. Ya tashi da ƙafafunsa, gwiwa kawai ya kuje. Mai motar ya ba shi jika goma, jama'a suka ce ƙaddara ce, a yafe. Yau kwana biyu kansa na sarawa, jiya ya yi amai sau biyu. Mu ƙara jira?

Malam Habu, mun riga mun aika maka amsa ranar da saƙonka ya iso cewa ku kai shi babban asibiti nan take. Muna maimaitawa ne don sauran masu karatu.

Tashi da ƙafafu ba shaidar lafiya ba ce. A lokacin karo jiki na cikin firgici, zafi ba ya fitowa sai an natsu. Idan kai ya bugu da kwalta, wata jijiya na iya tsagewa a ciki, jini ya riƙa taruwa tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Ƙoƙo ƙashi ne, ba ya buɗewa ya ba jinin wuri, don haka ƙwaƙwalwa ce ke matsuwa. Mutum na iya yin hira lafiya lau na wasu awoyi, sannan ya fara magagi. Ga tsoho kuwa, tarin jinin kan ɗauki makonni kafin ya nuna kansa.

Abin da za a sa wa ido, musamman a awa 48 na farko: amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da tada mutum ke wuya, maimaita tambaya ɗaya, mutuwar hannu ko ƙafa, farfaɗiya, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko ruwa garau ko jini daga hanci ko kunne. Ɗaya daga cikinsu ya isa a tafi asibiti. Kada ya kwana shi kaɗai. Wani ya tashe shi sau ɗaya ko biyu cikin dare, ya tambaye shi sunansa da inda yake.

Ciki ma haka. Kan keke kan soki mutum a ƙarƙashin haƙarƙari, kuma saifa tana nan gefen hagu, ga ta da saurin fashewa. Ciwon ciki da ke harbawa zuwa kafaɗar hagu, jiri in an miƙe tsaye, gumi mai sanyi, cikin fatar ido ya yi fari, ko fitsari ja, duk alamun zubar jini a ciki ne.

Don rage zafi, parasetamol kaɗai: babba ya sha giram ɗaya, tsakani awa shida, kada ya wuce giram uku a yini. A bar asfirin da ibuprofen da diklofenak a kwanakin farko, suna ƙara zubar jini. Tramol kuwa a nisance shi, domin yana kawo barcin da zai ɓoye alamar da ake nema.

Kujewar gwiwa a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu na minti biyar, a fitar da yashi ƙwaya-ƙwaya ko da zafi, don wanda ya rage shi ke kawo mugunya. A shafa Bétadine, maganin kashe ƙwayoyin cuta a rauni, a rufe, a sauya kullum. Ban da baƙin mai, ban da toka, ban da man goge baki. In allurar tetanos ta ƙarshe ta wuce shekara biyar, ko ba a tuna ba, a yi wata.

Batun jika goman nan, duba amsar da ke biye.

Hajiya Mariama, Sabon Gari: Ɗana mai shekara 14 ya karye a cinya. An yi konsta, wato takardar binciken hatsari da hukuma ke rubutawa, motar tana da asirans (inshora). Amma direban na cewa yaron ne ya shigo masa ba hannunsa ba, don haka ba mu da haƙƙin komai. Gaskiya ne?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Direban bai faɗi daidai ba.

Dokar asirans da Nijar ke aiki da ita ita ce ta CIMA, yarjejeniyar inshora da wasu ƙasashen Afirka suka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Ita ta wajabta wa kowace mota asirans na ɓarnar da za ta yi wa wasu. Sashe na 228 ya ce duk wanda ba direban abin hawa mai inji ba ne, ana biyansa raunin jikinsa ba tare da an kafa masa hujja da kuskurensa ba, sai fa in shi ya nemi cutar da gangan. Mai keke da mai tafiya a ƙasa suna cikin wannan rukuni. Kuskuren yaron na iya rage kuɗin keken ko ya hana su gaba ɗaya, domin wannan dukiya ce, amma bai taɓa haƙƙin cinyarsa ba.

Sai dai kamfanin asirans takarda yake gani, ba hawaye ba. Ki samu jaka guda ki riƙa tarawa. Na farko lambar takardar konsta, da ofishin da ya yi ta: cikin gari ƴan sanda ne, a bayan gari, kamar hanyar Mirriya ko ta Tanut, jandarmomi. Sai takardar likita ta farko, wadda ta lissafa kowane rauni da kwanakin da yaron zai yi ba ya iya komai. Wannan ita ce uwar takardu. Raunin da ba a rubuta cikinta ba, in ya fito daga baya, sai an sha gardama kafin a yarda daga hatsarin yake, don haka ko ɗan ciwon wuya ne a gaya wa likita ya rubuta. Sai kowane ordonans (takardar magani daga likita) tare da rasit ɗin farmasi, da hotunan radiyo (hoton ƙashi na asibiti), da takardar haihuwar yaron. Ki yi fotokofi, ki riƙe kwafi a gida, kuma duk abin da kika miƙa a buga miki hatimin karɓa mai kwanan wata. Maganin da aka saya a tebur ko wajen mai talla ba shi da rasit, kuɗinsa ya tafi ke nan.

Doka ta ɗora wa kamfanin ya kawo tayin diyya a rubuce cikin wa'adin da ta ƙayyade daga ranar hatsari. Kada ki yi saurin sa hannu kafin likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya, domin a lokacin ne ake auna nakasar da ta rage, kamar gajartar ƙafa ko ƙagewar gwiwa.  Ko bayan sa hannu, in tayin ya saɓa wa dokar, akwai kwana 15 na janyewa ta wasiƙa mai rajista. Wanda ya bar maganar ta kai shekara biyar, haƙƙinsa ya faɗi.

Abin da ke ɓata mana rai shi ne yafiyar bakin hanya. Mutanenmu na jin nauyin a ce sun kai wani ƙara, alhali diyyar ba daga aljihun direba take fita ba, don irin wannan rana ya sayi asirans. Ana iya yafe masa har zuci kuma a yi konsta. In ya ba da kuɗi a wurin, a karɓa a gaban shaidu a matsayin kuɗin kai mutum asibiti, kada a sa hannu a takardar da ke cewa magana ta ƙare. Jika goma ba ta isa hoto da magani ba, balle aikin cinya. Wanda bai yi konsta a wurin ba, kamar ƙanen Malam Habu, ya je komisariya (ofishin ƴan sanda) da takardar likita da lambar motar da shaidu biyu, tun ba su manta ba.

Sanusi, ɗalibi, Zango: Na dafa ƙasa da hannu lokacin da na faɗi. Radiyo bai nuna karaya ba, amma mako guda ke nan gindin babban yatsana na ciwo. Abokai sun ce in je wajen maɗori ya ja shi.

Ƙanena, kada a ja. Miƙe babban yatsan sama, za ka ga ɗan rami a gefen wuyan hannu. Danna shi. In zafin nan yake, akwai wani ƙaramin ƙashi a ƙarƙashi da kan tsage ba tare da hoton farko ya nuna ba, sai bayan kwana 10 zuwa 14. Jini ba ya isarsa sosai, shi ya sa in ba a tsare shi da filasta ba yakan ƙi haɗuwa, hannun ya zauna da ciwo shekaru. Koma a sake hoto.

Ba mu raina maɗora ba, amma karayar da ƙashi ya huda fata, da ta cikin gaɓa, da ta cinya, aikin asibiti ne. Kuma kowa ya yi ɗaurin, in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko mutum ya daina jin su, a kwance a ruga asibiti. Awoyi kaɗan sun isa naman ya mutu.

Ibro mai kai burodi, Garin Malam: Kekena ya bugi ƙofar mota ta gaba. An miƙe tayar, amma yana ja gefe ɗaya. In ci gaba da hawa?

Malam Ibro, jan gefe na nufin ba taya kaɗai ta ji ba. In dai kana neman a biya ka, fara ɗaukar hotonsa, ka karɓi lissafin gyara a rubuce kafin a taɓa shi.

Tsaya a gefen keken ka dubi ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. Samansa ya kamata ya bi layi ɗaya da bututun da kan keke ke shiga. In ya koma baya, har tayar ta matso kusa da jikin keken, ya lanƙwashe. Sannan ka shafa yatsa a ƙarƙashin bututun da ya gangara zuwa feda, dab da wuyan keken. Fenti da ya tattare ko ɗan tudu a nan, alamar jikin keken kansa ya naɗe ne, kuma wurin zai tsage.

Ga gwajin zare: ɗaura zare a inda aksil ɗin baya ke zama, ka zagayo da shi ta wuyan keken, ka dawo ɗaya gefen ka ja shi ya miƙe. Auna tazarar zaren da bututun sirdi hagu da dama. In bambancin ya wuce milimita uku, jikin ya karkace.

Keken ƙarfe, in karkatar kaɗan ce, gwani na iya miƙe shi a sanyi, ba da wuta ba. Na alminiyom, irin waɗanda ke zuwa a gwanjo, ba a miƙe shi, in an tilasta sai ya tsage ta ciki ya karye rana tsaka. Ƙarfen gaba da kan keke a sauya su kawai, musamman ga mai ɗaukar kaya irinka. Juya taya ka ga ko gargaren na taɓa robar birki, ka matsa wayoyin biyu-biyu ka ji mai sako-sako. Riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya: in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ya tafi. Hular kwano da ta bugu sau ɗaya ta gama aiki ko ba ta fashe ba.

Wata mai karatu, Kara-Kara: Wanda ya buge mijina ya gudu.

Ƴar'uwa, sannu. Gudu bayan hatsari laifi ne mai zaman kansa, kuma ana shigar da ƙara ko ba a san sunan mutum ba. A koma wurin yau, a tambayi masu shago da ƴan kabu-kabun da ke tsayawa a nan: launin motar, irinta, ko rabin lambarta, da hanyar da ta bi. Gutsuren fitila ko madubi da ya faɗi a tsince shi, a kai komisariya tare da keken da takardar likita. Keken kada a wanke shi, fentin motar na nan a jikinsa.