Fanke, kwaɓi da tuya: amsar tambayoyinku na wannan makon

Wata baiwar Allah daga Zariya ta aiko tana cewa, Malam don Allah raba mu gardama da maigidana, ni na ce fanke Hausa ce tsantsa tunda kakata ma ta sayar da shi, shi kuma ya ce aro ce. To Hajiya sai dai ki yi haƙuri, wannan karon maigida ne da gaskiya. Fanke daga kalmar Turanci pancake muka samo ta, kin san Bahaushe ba ya shiri da harafin p, duk inda ya gan shi sai ya mai da shi f, shi ya sa muke da fensir da fenti da famfo da fasinja da firamare, sannan kuma bakinmu ya fi son kalma ta ƙare da wasali, sai aka yar da k ɗin ƙarshe aka huta. Abin dariyar shi ne in kika ajiye wa Bature fankenmu kika ce ga pancake ɗinka ba zai gane shi ba, nasu faifai ne shimfiɗaɗɗe a kasko, namu kuwa dunƙulalle ne yana iyo a cikin mai. Sunan kawai muka ara.

Kuma ba shi kaɗai ba ne baƙo a kwanon, fulawa da yis da suga duk Turanci ne, sukari da alkama kuma daga Larabci suka zo tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Kada a haɗa shi da funkaso, wannan na garin alkama ne kuma har da miyar taushe ake cinsa, shi ne ma 'yan uwanmu na zango a Gana suke kira pinkaso suna haɗawa da koko da safe. Shi fanken kuwa, a Yamai fari masa za ki ji ana ce masa.

Sai wani ɗalibi daga Gusau, ya ce Malam mene ne asalin maganar nan da ake cewa kwaɓarsa ta yi ruwa? Ɗana, wannan ba a aji ake gane ta ba, sai ka tsaya kusa da mai yin fanke. Za ka ga ta zuba fulawa kamar kofi 3 a roba, ta sa yis ƙaramin cokali 2, suga rabin kofi ko fiye in gidan masu son zaƙi ne, ɗan gishiri, sai ta riƙa zuba ruwan ɗumi kaɗan kaɗan tana bugawa da hannu har ƙullin ya yi danƙo yana bin yatsu amma ba ya tsiyaya. Wannan shi ne kwaɓi. To a ce hannunta ya zarce ta tuttula ruwa, kuma fulawar ke nan babu sauran ko cokali a leda, ga yara sun zagaye murhu suna jira, kai ma ka san an shiga uku, in ta jefa a mai ba zai dunƙule ba sai ya baje ya sha mai ya fito kamar tsumma. Shi ya sa in ɗan kasuwa ya ci bashi kaya suka ƙi tafiya, ko asirin maƙaryaci ya tonu a gaban jama'a, sai a ce kwaɓarsa ta yi ruwa, wato abin ya lalace a hannunsa kuma ba shi da abin gyarawa. Ni wannan ɓangaren na rashin sauran gari ne ya fi burge ni a maganar, don kwaɓin da ya yi ruwa in akwai fulawa a gida ai ba matsala ba ne.

Bayan kwaɓi sai a rufe a ajiye a wuri mai ɗumi kamar minti 45 zuwa awa 1, lokacin sanyi ya fi haka, har sai ya tashi. Ku lura da kalmar, ba mu cewa ya girma, tashi muke cewa kamar wanda ya yi barci, kuma kusan hakan ne don yis abu ne mai rai, suga yake ci yana fitar da iska, iskar ce take kumbura ƙullin ta bar ramukan nan da kake gani in ka gutsura. In aka zuba masa tafasasshen ruwa ya mutu, ko kwana za a yi ana jira ba zai motsa ba. Na taɓa yi da kaina ranar da uwargida ta yi tafiya, abin da na kwashe daga kasko ko almajirin da na miƙa wa sai da ya juya shi ya dube ni.

Tambaya ta ƙarshe daga wata malamar firamare a Maraɗi, soya fanke ake cewa ko toya? Ta kuma ce nata fanken yana shan mai. Malama duka biyun za ki ji a bakin mutane yanzu, amma a Hausar iyayenmu ƙosai da waina da fanke toya su ake yi, nama da gyaɗa da kayan miya su ake soyawa. Shaidar tana cikin maganganunmu, muna cewa ban san wainar da ake toyawa ba, muna kuma cewa an yi tuya an manta da albasa in aka yi abu aka bar wani muhimmi a baya, ba ki taɓa jin an ce an yi suya an manta da albasa ba ai. Kuma tunda kin ce naki yana shan mai, gwada jefa ɗan ƙulli tukuna, in ya nutse ya zauna a ƙasa man bai yi zafi ba, in ya taso nan take yana ƙyalƙyala to bismillah, ki rage wuta kaɗan kada bayan ya ƙone cikin yana ɗanye.