Tambaya da Amsa: Cajin waya, cajin banki da cajin kotu, duk kalma ɗaya ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon cajin waya a Jekadafari, cikin Gombe, kuma ina shirin sake zana NECO don Turanci ne ya riƙe ni. Kalmar charge ta ɗaure mini kai. A waya na san ta, sai ga banki ya turo saƙo yana cewa charges, a ƙofar asibitin unguwa na ga officer in charge, a jarida kuma an rubuta charged with theft. Kalma ɗaya ce, ko kama kawai suka yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Kalma ɗaya ce tak, kuma idan ka kama asalinta sauran duk za su biyo ka.

Asalin nata lodi ne. A Latin ana kiran keken ɗaukar kaya carrus, daga nan aka sami carricare, wato yi wa keke lodi. Faransawa suka mayar da ita chargier, ta shiga Turanci wajen ƙarni na 13, bayan Normawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Car da cargo da carry duk 'yan ɗaki ɗaya ne da ita. To duk inda ka gan ta, tambayi kanka: me aka ɗora, kuma a kan wa?

Na shagonka shi ne mai sauƙi, ka loda wa batir wuta. Wannan ma'ana ba ta tsufa kamar sauran ba. Ta bazu ne a shekarun 1740, lokacin da masu bincike irin su Benjamin Franklin na Amurka suke gwajin tara lantarki a cikin kwalba. Tun kafin nan ana faɗin ta ga ɗura wa bindiga albarushi, kuma a fagen yaƙi tana nufin afka wa abokan gaba a guje. Ka tuna yadda mahaya ke sakin linzami su yo kan fada a sukwane ranar hawan salla, da Bature zai ba da labarin sai ya ce the horsemen charged.

Na banki kuwa kuɗi aka ɗora maka. Mai POS da ke cire ladansa, makanike da ya yanka maka farashin gyara, duk charge suka yi. Ana cewa he charged me five hundred naira for the repair. Lura da for ɗin nan, ita ke nuna abin da aka biya kuɗin dominsa. Free of charge kuma kyauta ke nan, ko sisi ba za ka bayar ba.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne na kotu, don nan masu jarrabawa ke kafa tarko. Laifi aka ɗora wa mutum, wato tuhuma, kuma with take ɗauka: he was charged with theft, an tuhume shi da sata. Ɗalibai da yawa sukan rubuta charged for theft, abin da Bature zai iya ji kamar an karɓi kuɗin sata a hannun mutumin. Sannan tuhuma daban, hukunci daban. Wanda aka yi wa charge bai zama mai laifi ba sai alƙali ya tabbatar, a lokacin ne ake cewa convicted. Ina jin haushin yadda ake cakuɗa biyun nan a Facebook, a ɓata sunan bawan Allah tun shari'a ba ta fara ba. Af, caji ofis da iyayenmu ke kiran ofishin 'yan sanda daga nan ya samo suna, charge office, ɗakin da ake rubuta tuhumar wanda aka kama.

Saura na ƙofar asibiti. A nan nauyi aka ɗora, wato alhakin kula da wuri. The nurse is in charge of the clinic, ita ce ke riƙe da asibitin. Amma da zarar the ta shigo tsakiya, magana ta juye: the children are in the charge of the nurse na nufin yaran ne ke hannunta. 'Yar ƙaramar kalma, amma tana mayar da shugaba mabiyi. Haka kuma abin da muke ji kullum a ma'aikatu, "ina incaj ɗin?", ya zauna daram a bakinmu kuma ba laifi a hira, sai dai kada ka rubuta he is the incharge a takardar jarrabawa. Rubuta he is the officer in charge, ko he is in charge kawai, kalmomi biyu a rabe.

Wajen furuci ba ka da matsala da farkonta, sautin c ɗinmu ne. Ƙarshen ne ke ba mu wahala, domin Hausa ba ta son rufe kalma da baƙi, shi ya sa muka ce caji. A Turanci ka daure ka tsaya a kan j ɗin, kuma charged gaɓa ɗaya ce, ba cajed ba.

Ka haɗa da 'yan uwanta biyu tunda suna fitowa a jarrabawa. Recharge sake lodi ne, kamar katin waya. Discharge kuma sauke lodi: batir ya zuƙe, likita ya sallami majinyaci, tirela ta sauke siminti. Idan ka ji an ce discharged and acquitted, kotu ta sallami mutum kuma ta wanke shi. In discharged kaɗai aka ce, an sake shi ne, amma ana iya sake gurfanar da shi a kan wannan tuhumar.