Allurar man Beetle ta ƙi tashi daga ƙasa

Malam, ka ce allurar mai ta Volkswagen Beetle ɗinka ƙirar 1974 tana kwance a ƙasa ko da ka cika tanki, kana tambaya ko sabon geji za ka saya. Kada ka saya tukuna, sau da yawa matsalar tana wajen fulot ɗin da ke cikin tanki, wato abin da ke auna yawan mai, mai hannu da ƙwallo da ke yawo a saman fetur. Buɗe bonet na gaba, za ka ga kansa a saman tankin da waya guda ɗaya. Cire wayar, ka murɗa makulli, ka taɓa ta a jikin ƙarfen motar na daƙiƙa biyu kawai. In allura ta haura sama, gejin da wayar lafiyarsu ƙalau.

Daga nan sai ka cire kan batir kafin ka kwance fulot ɗin, kuma don Allah kada mai sigari ya matso kusa. Auna shi da mitar lantarki a ma'aunin om (ohm) kana ɗaga hannunsa a hankali: ya kamata ya nuna kusan om 73 a ƙasa, ya riƙa sauka har kusan 10 a sama, ba tare da tsalle ba. A tawa motar ƙwallon ne ya huje. Da na girgiza shi a kunne sai na ji fetur na motsi a ciki, shi ya sa yake nutsewa. Ɗan harshen da ke gogar siririyar wayar da ke cikin fulot ɗin ma ya yi tsatsa, na goge shi da samfefa mai laushi. Bi shi sannu, domin in wayar nan ta tsinke sai dai sabon fulot. Ka sa sabuwar roba a bakinsa in za ka mayar, in ba haka ba warin fetur zai cika maka mota.