Ku Tambaya Mu Amsa: Duk damina sai ruwa ya ci layinmu, ta ina za mu fara?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni mazaunin unguwar Kurna ne a Kano kuma ni ne sakataren 'yar ƙungiyar matasan layinmu. Shekara uku kenan a jere duk watan Agusta sai ruwa ya shigo mana gida, bara kam har katangar maƙwabcina ta faɗi, Allah dai ya tsare ba a rasa rai ba amma katifu da buhunan abinci duk sun lalace. Mun gaji da jiran a zo jaje a ɗau hoto a raba tabarma da taliya. Muna so mu yi wani tsari da kanmu kafin damina amma wallahi ba mu san ta ina ake farawa ba, ga shi ba kuɗi.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Toh batun kuɗi ajiye shi gefe tukuna, abin da za ku fara da shi ko sisi ba ya ci. Ku nemi dattijo ɗaya ko biyu da suka girma a unguwar ku zaga da su a ƙafa, ku ce Baba dan Allah nuna mana inda ruwa yake bi a da. Za ku sha mamaki. Zai tsaya a gaban wasu shaguna ya ce nan ai kududdufi ne mun kama kifi a ciki muna yara, ya tsaya gaban wani gida mai bene ya ce nan kuma kwari ne. Kududdufan Kano ba banza suke ba, a nan kakanninmu suka haƙi ƙasar ginin gidaje da ta badala, ramin da ya rage shi yake shanye ruwan sama ya riƙe har rani, sauran kuma ya gangara Jakara ya fice daga gari ya nufi dam ɗin Wasai a Minjibir. Yanzu an cike da yawansu da shara an yanka filoti an yi gini, shi kuma ruwan sama bai ragu ba, dole ya nemi wurin kwana, sai ya samu ɗakinka.

In kun dawo ku samu kwali babba ku zana layin naku, ba sai kun nemi injiniya ba. Ku sa alama a inda ruwan yake shigowa da inda yake taruwa da kwalbatin da ya toshe, sannan gidajen ƙasa waɗanda gindin katangarsu ya zaizaye, sannan gidajen da ke da tsoho ko mara lafiya ko mai jego ko wanda ba ya iya tafiya da kansa. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi mantawa. Kowane irin gidan nan a ɗora wa matashi ɗaya, da sunansa a rubuce, in ruwa ya taso ƙarfe biyun dare shi ne zai buga ƙofar. Ku kuma yanke tun yanzu inda za a kai mata da yara, firamaren da ke kan tudu ko harabar masallaci, ku yi magana da mai riƙe da makullin tun da rana tsaka.

Yashe lambatu kuma a watan Afrilu ko Mayu ake yi, ba ranar da hadari ya haɗu ba. Abin da ke ba ni haushi da aikin gayyarmu shi ne a wuni ana zufa a kwaso yashi da ledar fiya wata a jibge su a bakin lambatun, a tafi, ruwan farko ya zo ya mayar da su ciki, shikenan an yi aikin baban giwa. Ku tsara shi ya dace da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, ku sanar da hukumar kwashe shara ta REMASAB tun da wuri, in mota ba ta samu ba ku haɗa kuɗin kura ko baro a kai bola. Nan asusu zai yi amfani, ko naira ɗari biyu kowane gida a sati, a hannun mutum biyu da jama'a suka yarda da su, a dinga karanta lissafi a fili bayan sallar isha. Da shi za ku sayi shebur da buhunan yashi da siminti na toshe gindin katanga.

Sai kunne. Farkon kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake jin ambaliya za ta shafa, gidajen rediyo suna karantawa da Hausa. A samu mutum ɗaya aikinsa kenan ya bibiya ya sa a guruf ɗinku na WhatsApp, amma fa cikin dare lasifikar masallaci ta fi kowace waya, ku yi magana da ladan. Manya suna tuna 1988 da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, ga na Alau a Satumbar 2024 da ya shanye Maiduguri mutane suna barci, ga Kantin Kwari a 2022 da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa diloli na atamfa da shadda. Takardun gida da na makaranta da katin ɗan ƙasa a ɗaure su a leda a ɗora can sama. Ruwa na shigowa a kashe wutar gidan daga mita. Bayan ya janye kuma kar a sha ruwan rijiya sai an tafasa, don masai yana haɗuwa da rijiya, daga nan ne amai da gudawa yake ɓarkewa.

In kuma kun ga wani yana cike hanyar ruwa zai yi gini, kar matasa su je da sanda. Ku rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, a bi ta wajen dagaci da hakimi, a kai hukumar tsara birane ta KNUPDA da hukumar ba da agajin gaggawa ta SEMA da ƙaramar hukuma, kowane ofis a buga muku hatimi a kwafinku ku ajiye tare da hotuna.

TAMBAYA: Malam ni ina da ɗan shagon kayan kicin a kasuwa, ni gobara ce take hana ni barci da hunturu. Me 'yan layi za su iya yi? Daga wata 'yar'uwa a Fagge.

AMSA: Hajiya tsoronki a kan hanya yake, duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari a Maris ɗin 2016 ba zai ce kin cika tsoro ba. Yawanci da dare take tashi, an ɗauke wuta an manta hita ko fanka a kunne, an rufe shago, a dawo da wuta da ƙarfi ga wayoyi a cakuɗe kamar taliya. Ku sa doka a layinku mai gadi ya sauke babban makunnin wuta da an tashi kasuwa, kowane shago biyar su haɗa kuɗi su sayi tukunyar kashe gobara su kuma koyi yadda ake buɗe ta, ga bokitin yashi. Ku rubuta 112 da lambar 'yan kwana-kwana a bango da fenti. Sannan ku daure ku yi magana da masu kasa teburi a tsakiyar hanya, na san zancen ba daɗi don abincinsu ne, amma in motar kashe gobara ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ba hanyar shiga, har teburan nasu za su ƙone tare da shagonki.