Amsar Goggo kan ba yaro ƙwai

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce surukarki ta hana ki ba angona ƙwai, wai yaron da ya saba da shi ɓarawo yake zama, kina tambaya ko da gaske al'ada ce. Al'ada ce kam, mu ma da ita muka tashi. Sai dai a gidanmu kaza jari ce. Ƙwanta ko a bar mata ta ƙyanƙyashe, ko a sayar a sayo gishiri da daddawa. Yaron da ya ɗanɗana kuwa, gobe sai ki tsince shi a akurki yana lalube. A nawa gani, kazar ake tsarewa, ƙwai ba shi da laifin komai.

Ɗan shekara 3 jikinsa gini yake yi, koko zalla kuma ba ya gini. Da idona na ga yaran da aka yaye da koko tsararo, gashi ya yi ja ya kwanta, ƙafa ta kumbura, ana ta cewa mayu ne, alhali tamowa ce. Ki dafa masa ƙwai ya dahu sosai. Ranar da babu, ga wake, ga kifi, ga ƙuliƙuli ki daka masa a kunu. Miyar kuka da zogale da kabewa da ɗan manja kada su yanke. Gyaɗa dai ki niƙa, ɗanyen yaro in an ba shi ƙwaya tana iya shaƙe shi.

Akwai wata al'adar da ba ki tambaya ba, wato haɗa yara kwano ɗaya. Tana koya ladabi, ban musa ba, amma kafin ƙaramin ya hura loma ɗaya, yayyensa sun suɗe kwanon. Ki zaunar da shi cikinsu, da nasa kwanon daban, ki san abin da ya shiga cikinsa. Cikin nan ƙarami ne, sau 3 ba ya isa, ki riƙa tsarma masa gwanda ko ayaba ko nono a tsakani. Biskit da lemon kwalba kafin tuwo kuwa, ke kika kashe masa ci da hannunki.

Ita Hajiya kada ki ja da ita. Ki gaishe min da ita, ki ce ina nan tafe bayan sallah, ni da ita za mu zauna kan maganar kazar.